Tsohuwar taransifoma za ta iya ciyar da jirgin ƙasa na dijital?

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan akwatin ƙarfen da kuke gani a kan tebur taransifoma ce ta ƙananan jiragen ƙasa, irin waɗanda masu sha'awa a Jamus da Ingila da Amurka ke shimfiɗa wa layin dogo a ɗaki, su gina musu tasha da gada. Ga nauyi, ga ƙarko, kuma har yau tana aiki. Duk wanda ya sayi na'urar sarrafa jirgi ta dijital, in yana da irinta a ajiye, sai ya ce: don me zan sake kashe kuɗi, ga wannan lafiyarta ƙalau? Yana da hujja. Sai dai akwai abubuwan da ya kamata a auna kafin a haɗa ko da waya ɗaya.

A tsohon tsari, taransifoma ita ce direba. Ka murɗa hannunta, wuta ta ƙaru a kan dogo, jirgi ya ƙara gudu. Ka mayar da shi, jirgi ya tsaya. Tsarin dijital da ake kira DCC, wanda ya samo asali daga aikin Bernd Lenz a Jamus, ƙungiyar NMRA ta masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa a Amurka kuma ta mayar da shi ƙa'ida a farkon shekarun 1990, ya sauya wannan gaba ɗaya. Yanzu wuta a cike take a kan dogo kowane lokaci, umarni kuma a cikin wutar yake tafiya. Kowane kan jirgi yana da lambarsa da 'yar dikodarsa, wato ƙaramar na'urar lantarki da ke cikinsa, ita ke jin umarnin ta yanke wa injin nasa rabon. Ma'ana, ko jirgi yana tsaye a tasha, dikodar tana shan cikakkiyar wutar. Ku riƙe wannan.

To, mu juya bayan akwatin. Yawanci za ku ga mafita iri biyu: ɗaya ta dogo, wadda hannun murɗawa ke ƙara ta ko rage ta, ɗaya kuma ta fitilu da sauran kaya, an rubuta AC bolt 16 ko kusa da haka. Ta farkon ba ta dace ba. Wutarta ba ta tsayawa wuri guda, kuma hannun yaro ko gwiwar hannunka na iya taɓa hannun murɗawar a kowane lokaci. Ta biyun ce ake magana a kanta.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Lambar 16 ɗin nan ba ita ce wadda dikoda za ta gani ba. Wutar AC tana hawa da sauka ne, kuma abin da ake rubutawa matsakaicin ƙarfinta ne, ba ƙololuwarta ba. Da ta shiga na'urar dijital, wasu ƙananan kayan lantarki huɗu da ake kira diyod za su miƙar da ita ta daina hawa da sauka, kafasita mai tara wuta kuma ta cika har ƙololuwa, wato lambar sau 1.4. Bolt 16 ya koma sama da 22, diyod su ɗan rage, a tashi da kusan 21. Kuma tsohuwar taransifoma, idan ba a ɗora mata kaya ba, takan fitar da fiye da abin da aka rubuta. Ku dubi mitar nan: in ta nuna 18, to a cikin na'ura muna maganar kusan 24 ke nan. Alhali jiragen girman HO, wato ɗaya bisa 87, bolt 14 zuwa 15 ya ishe su, na girman N kuma wajen 12.

Ina rarar take zuwa? Wasu na'urorin suna daidaita wutar da kansu, rarar ta koma zafi, jikinsu ya yi ta ɗumi har su kashe kansu ana tsakiyar wasa. Wasu kuwa abin da aka ba su shi suke zubawa kan dogo. A nan ne ƙananan ƙwayayen fitila ke ƙonewa, robar rufin taragai ta narke, dikodar sauti mai tsada ta mutu shiru. Garin neman ƙiba an samo rama.

Kafin ma a kai nan, a buɗe littafin na'urar. Tsoffin na'urori irin LZV100 ta kamfanin Lenz an ƙera su ne don su karɓi AC daga taransifoma. Na baya-bayan nan da yawa, kamar Z21 ta Roco da Central Station 3 ta Märklin, DC daidaitacciya, wato miƙaƙƙiyar wutar da ba ta hawa da sauka, kawai suke so, daga adafta irin ta kwamfutar tafi-da-gidanka. In an rubuta DC kaɗai, magana ta ƙare, kada a gwada.

Sai batun ƙarfi. A jikin akwatin akwai lambar VA, wadda ke nuna ƙarfin taransifomar. Raba ta da bolt, ka samu amfiya. VA 16 a kan bolt 16 amfiya ɗaya ke nan, kan jirgi ɗaya na HO kuwa yakan ci wajen rabin amfiya. Busta, wato sashen na'urar da ke zuba wuta a kan dogo, in mai amfiya 5 ce, tana neman kusan VA 80. Abin da ya fi damuna a nan ba ƙarancin gudu ba ne. Busta tana katse wuta ne idan ta ga an ja fiye da ƙima, misali ƙafar jirgi ta goce ta haɗa dogo biyu. In taransifomar ba ta iya kai wannan ƙimar, bustar ba za ta gane an yi shot ba. Wuta za ta ci gaba da bi ta siririyar waya har roba ta fara wari. Makashin da ke cikin tsoffin taransifomomi kuma sai ya yi zafi yake katsewa, yana ɗaukar daƙiƙoƙi. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora kwabo a kan dogo biyun, nan take ya kamata na'urar ta yanke. Babbar taransifoma irin ZW ta Lionel mai wat 275 ita ma ba a ba ta amana haka kawai. Sai an sa fiyus tsakaninta da na'urar.

Yanzu ɓangaren wutar gida, kuma a nan rai ake magana. Lanƙwasa wayar soket ɗin ka duba. In robar ta bushe tana tsagewa, jikin akwatin kuma ƙarfe ne, ajiye ta sai mai gyara ya gani. Karanta lambar shigar wuta. Tsoffin taransifomomin Märklin masu launin shuɗi an yi su ne don bolt 220, Turai kuwa ta koma 230. Bugun wutar da suke aikawa don jirgi ya juya baya, wanda a ƙa'ida kusan bolt 24 ne, sai ya haura, shi ya sa kamfanin ke hana amfani da su da jirage masu dikoda. Wanda kuma ya tsinci ta Amurka a kayan gwanjo a Kano ko Maraɗi, ya sani bolt 120 aka yi ta dominsa. In ya soka ta a wutarmu kai tsaye, hayaƙi zai gani.

Ra'ayina, in na'urarka na karɓar AC, ka auna ka ga lambar tana cikin iyakar da littafi ya bayar, VA ya isa, waya lafiya lau, to yi amfani da ita da fiyus. In ɗaya ya gaza, sayi adaftar da kamfanin ya ce. Tsohuwar kuma kada a jefar da ita: ta riƙe fitilun tasha da na gidaje da injinan sauya layi, wanda hakan ma yana rage wa busta nauyi. Wayoyinta dai su bi hanyarsu daban. Kada a taɓa haɗa mafitar taransifoma biyu wuri guda don neman ƙarin ƙarfi, domin in ka zare filogin ɗaya, ɗayar za ta mayar da wuta ta cikinta, ƙarafan filogin da ke hannunka su ɗauki cikakkiyar wutar gida.