Magana da harsuna: Bulus ya ce za ta daina, amma yaushe?

Salama a gare ku, ƴan'uwa. Kun sha ganin irin gajeren bidiyon nan yana yawo a WhatsApp. Mai wa'azi ya buɗe 1 Korantiyawa 13:8, ya karanta cewa harsuna, wato baiwar magana da harshen da mutum bai koya ba, za su daina, ya rufe Littafi, ya ce magana ta ƙare. Wasu su tura wa kowa, wasu ransu ya ɓaci. To ayar gaskiya ce, sai dai an rufe Littafin da wuri.

Ga ɓangarori biyu na wannan gardama da sauri. Na farko sun ce harsuna da annabci da baiwar warkarwa na zamanin manzanni ne, sun ƙare tare da shi. Na biyu sun ce suna nan har Almasihu ya dawo. Kada a ɗora wa na farko abin da ba su faɗa ba: sun gaskata Allah yana warkarwa, suna kuma yi wa marar lafiya addu'a. Abin da suke musu shi ne a ce wani a yau yana riƙe da baiwar irin ta Bitrus. Su ma na biyu, akasarinsu ba su ce annabcin yau daidai yake da Nassi ba. Nan Maradi kun san fuskokin biyu: majami'un da suka samo asali daga aikin ƙungiyar mishan ta SIM a Tsibiri da Danja, da kuma na Fentikos da suka zo daga baya. Sau da yawa gida ɗaya ne, baba can, ɗiyarsa nan.

Yanzu za mu bi ayoyin a hankali. Aya ta 8 ta ambaci abu uku da za su shuɗe: annabci, harsuna, da ilimi. Ba ta faɗi rana ba. Aya ta 10 ce ta kawo lokacin: sa'ad da cikakken ya zo, abin da bai cika ba zai shuɗe. Duk gardamar tana nan. Mene ne wannan cikakken?

Amsar masu ra'ayi irin na mai bidiyon ita ce kammalar Sabon Alkawari. Wato da aka gama rubuta littattafai 27 wajen ƙarshen ƙarni na farko, ikilisiya ta sami cikakkiyar Magana, buƙatar harsuna ta faɗi. Tana da daɗin ji, amma mu gwada ta da aya ta 12. Bulus ya ce yanzu muna gani a madubi dishi-dishi, a sa'an nan kuwa fuska da fuska. Madubin zamaninsu tagulla ce da aka goge, ba irin namu na gilashi ba. Ya ƙara da cewa a ranar zai sani sarai kamar yadda aka san shi. To wane ne a cikinmu, don yana da Littafi Mai Tsarki cikakke a hannu, zai ce ya san Allah kamar yadda Allah ya san shi? In an karɓi wannan fassara, ke nan mun fi Bulus gani, shi da ya rubuta wasiƙar daga Afisa wajen shekara ta 55. Fuska da fuska maganar ganin Ubangiji ce.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wasu manyan malaman ɓangare na farko ma sun bar wannan hujja. Richard Gaffin ya ce cikakken yana nufin dawowar Almasihu, kuma sashen bai faɗi ranar da harsuna za su tsaya ba. John MacArthur, wanda ya shirya babban taro a kan wannan batu a 2013, shi ma bai ɗauki cikakken a matsayin kammalar Nassi ba.

Ƙarfin hujjarsu yana wani wuri. Afisawa 2:20 ta ce an gina ikilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, harsashi kuwa sau ɗaya ake sa shi. Sai 2 Korantiyawa 12:12 da Ibraniyawa 2:3-4, inda alamu suka zama shaidar manzanni. Wannan ce hanyar da malamin tauhidi B. B. Warfield ya bi a littafinsa na 1918. Ɗaya ɓangaren kuma su amsa da 1 Korantiyawa 1:7, ba ku rasa wata baiwa ba kuna jiran bayyanar Ubangiji, da 14:39, kada ku hana magana da harsuna.

Tarihi bai raba gardamar ba. Iraniyus, wani bishop a ƙarni na 2, ya ambaci ƴan'uwa masu magana da harsuna. Agustin, bishop a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ce alama ce da ta wuce. Sai farkon Fentikos na zamani a Amurka: garin Topeka a 1901, sai taron titin Azusa a Los Anjalas a 1906 ƙarƙashin mai wa'azi William Seymour. Ƴan Fentikos na farkon nan sun zaci harsunan mutane aka ba su, irin na Ayyukan Manzanni 2. Ɗaya daga cikinsu, Alfred Garr, ya tafi Indiya yana tsammanin zai yi wa'azi da harshen Bengali, mutanen wurin ba su fahimce shi ba. Daga baya koyarwar ta karkata ga harshen addu'a, bisa 1 Korantiyawa 14:2.

Ni a ganina babu ayar da ta sa rana kafin dawowar Almasihu. Amma wannan bai mai da duk abin da ke fita daga lasifika baiwa ba, domin Bulus da ya ce kada a hana shi ne ya kafa ƙa'ida a 14:27-28. Mutum biyu, iyaka uku. Bi da bi, ba a lokaci ɗaya ba. Wani kuma ya fassara. In babu mai fassara, mai harshen ya yi shiru a taro, ya yi magana tsakaninsa da Allah. Wanda ya ce Ruhu ya fi ƙarfinsa, aya ta 32 ta ce ruhun annabawa yana ƙarƙashin annabawa.

Inda ake yawan kuskure shi ne mai jagora ya ɗauki makiro ya ce kowa ya buɗe baki da harsuna. Za a ce ai addu'a ce ga Allah, ba saƙo ga taro ba. To ku karanta aya ta 23: in kowa yana yi, baƙo ya shigo, zai ce kun haukace. A garinmu baƙon nan maƙwabci ne, wanda aka gayyato ɗaurin aure ko sunan jariri, ko wanda ke jin komai daga bayan katanga. Kuskure na biyu, a matsa wa sabon tuba ya maimaita wasu sautuka har ya “samu”, alhali 12:30 ta tambaya ko duka ne ke magana da harsuna, amsar kuwa a'a ce.

Saboda haka fasto da dattawa su zauna tun kafin Lahadi su tsayar da wanda ikilisiya ta amince da shi a kan fassara. In ba ya nan ranar, mai jagora ya sanar tun farkon sujada. In an yi fassara ko annabci, dattawa su auna shi da Nassi kamar yadda 14:29 ta ce, kafin wani ya sayar da gonarsa ko ya fasa aure a kansa.