Cinikin Biri a Sama: Ranar da Aka Tsare Kayan Ɗakina a Owode

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da yadda kuka ga falon nan, ba yaƙi aka yi ba, tashi za mu yi. Jibi Asabar, in Allah Ya kai mu, za mu bar Ikorodu mu koma Agege. Maigida ya gaji. A Ikeja yake aiki, sallar asuba ma a hanya yake yin ta, ba ya shigowa gida sai bayan isha'i, har ƙaramar ta fara yi masa ƙyuya. Wanda ya san gosulon Ketu da Mile 12 ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Bari in matso da wayar ku ga wani abu. Wannan da na naɗe da bargo madubin sif ɗina ne. Uku ne a jikin sif ɗin ranar da aka yi mini jere, yau saura wannan ɗaya. Sauran biyun suna cikin labarin da zan ba ku, kuma da hannuna na jawo, ba zan ɗora wa kowa ba.

A watan Yulin 2023 muka taso daga Agege zuwa nan. Na tuntuɓi masu kwasar kaya uku. Biyu suka ce sai sun zo sun ga kayan da idonsu. Suka zo, suka shiga ɗaki-ɗaki, ɗaya har da awon ƙofa ya yi, sannan wannan ya ce dubu 180, wancan ya ce dubu 160. Na ukun a Instagram na gan shi. Shafi tsaf-tsaf, motoci farare ƙal, ma'aikata cikin kaya iri ɗaya. Na yi masa magana ta WhatsApp, tambaya ɗaya tak ya yi mini: ɗaki nawa? Na ce biyu da falo. Kafin in ajiye wayar ya turo: dubu 90.

Ni kuwa har da rawa. Maigida ya ce, "Maman yara, mutumin da bai ga kaya ba ta yaya ya san kuɗinsu?" Na ce kai dai ba ka son a yi maka sauƙi.

To ku tsaya mu duba maganar nan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso. Ɗaki biyu na gwauro da ɗaki biyu na Bahaushiyar da aka yi wa jere a Katsina ba abu ɗaya ba ne. Ni ina da gado da sif da kujeru, ga firiza, ga janareta, ga tukwanen suna guda huɗu, turmi da taɓarya, kuloli kwali-kwali, ga buhunan gero da wake da Umma take aiko mana. Mai sana'ar gaskiya yana son ya san duk wannan, don da shi zai san girman motar da zai turo da yawan 'yan dakon da zai biya. Yana son ya san hawa na nawa kike, ko layinku mota na iya shiga, ko gadon sai an kira kafinta ya kwance. Wanda bai tambayi ko ɗaya ba kuma ya yanke kuɗi, bai damu da lissafin ba ne, saboda ba wannan kuɗin zai karɓa ba. Ainihin cinikin yana gaba, lokacin da kayanki suke cikin motarsa ke kuma kina ƙasa. Ni dai cinikin biri a sama na yi, na kuma biya kafin alƙalami.

Rabin kuɗin ya ce in tura, dubu 45. Da na sa lambar asusun a waya, sunan da ya fito ba na kamfanin ba ne, ba kuma sunan da ya gaya mini nasa ba ne, sunan wata mata ne daban. Ya ce ai akantarsu ce. Na tura. Rasit? Ya ce idan an gama aiki.

Ran tashi ya ce ƙarfe bakwai na safe. Sai sha ɗaya saura ga wata motar kaya, kanta, ta shigo layi tana hayaƙi, ba suna a jikinta, ba tamfol, igiya ƙwaya biyu. A watan Yuli fa, a Legas, sama ta haɗe baƙi ƙirin. Samari uku suka diro, na ji ɗaya yana kiran ɗan uwansa da "kai mai jar riga". Ba su ma san sunan juna ba, a bakin tasha aka kwaso su. Wanda na yi ciniki da shi bai zo ba, wai yana wani aikin a Lekki. A lokacin ya kamata mu ce a fasa. Amma mai gidan haya ya riga ya ba wani gidan, mun kwance gado, yara na zaune kan buhu, ina za mu?

Aka loda. Muka biyo su a motar Maigida ta Ikeja, Maryland, Ojota. A Ketu gosulo ya raba mu. Muna wuce Mile 12 sai waya daga mai shafin: suna Owode, gefen kasuwar ƙarafa, kuma motar ba za ta ƙara motsi ba sai an ƙara dubu 100. Dalilai kam ya jero su kamar karatu: kayan sun fi yadda na faɗa, 'yan tasha sun karɓi kuɗi, sabon gidan bene ne, mai ya yi tsada tunda aka cire tallafi. Maigida ya ce masa, "Malam, tallafin da aka cire ran 29 ga Mayu na fetur ne, motar nan kuwa dizal take sha. Kuma a Yuli muka yi ciniki, bayan an cire." Sai mutumin ya kashe wayar.

Da muka iso wurin ne na gane inda aka dosa. Direban, wani dattijo, ya ce, "Madam, ni ban san wani kamfani ba. Yau da safe aka kira ni, aka ce dubu 70 za a ba ni idan na sauke, ko sisi ban gani ba, yaran nan ma ba a biya su ba." Ashe babu kamfani. Mutum ɗaya ne da waya da shafi. Ya karɓi aiki da araha, ya cinye kafin alƙalami, ya nemo direban da ke zaune ba aiki, ya haɗa ku faɗa a bakin titi shi yana can kwance. In kin ƙara kuɗi ta asusunsa ya ci biyu, in kin ba direba a hannu ya riga ya ci ɗaya.

Ruwa ya sauko. Ina tsaye ina kallon katifata tana sha. Muka ba direban dubu 70 ɗinsa, muka sallami yaran da dubu 30, aka ƙarasa bayan magariba. Ku haɗa lissafin: dubu 145, ga madubi biyu sun tarwatse, katifa ta yi wata guda tana warin ruma, kwalin kuloli ɗaya da tukunyar gas har yau ban san inda suka sauka ba. Da na ɗauki mai dubu 160 ɗin nan da ban yi kuka a Owode ba. Araha dai ba ta ado. Washegari lambar ta daina shiga, bayan sati shafin ya canza suna, hotunan kuwa su ne dai.

Wata maƙwabciyata Bayarabiya, Allah Ya saka mata, ta ce in kai ƙara LASCOPA, hukumar kare haƙƙin masu saye ta jihar Legas da ke Ikeja, ko ta tarayya, FCCPC. Na zauna na tambayi kaina, in na je me zan ajiye musu a tebur? Ba rasit, ba adireshi, ba lambar mota don ban ma ɗauka ba, kuɗin kuma sunan wata mata suka shiga. Ƙarar wa zan kai? Na haƙura.

Shi ya sa wannan karon na zama 'yar sanda. Bari in zauna, ƙafata ta gaji.

Duk wanda na kira, abu na farko ina cewa ya turo cikakken sunan da ya yi rajista da shi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambarsa. Kamfani lambarsa da RC take farawa, mai sunan kasuwanci kawai kuma BN. A shafin hukumar na intanet kowa na iya rubuta suna ya duba, kyauta, minti biyu. Mutum biyu daga nan suka daina amsa mini. Amma kar ku ɗauka rajista shaidar gaskiya ce, ɓarawo ma na iya yi. Amfaninta dai akwai sunan da za a kama, kuma dole sunan nan ya zo daidai da wanda zai fito a asusun da zan tura kuɗi. In ya saɓa, ko da sunan kamfani ne ya koma sunan mutum, na fasa.

Sai ofis. Maigida ya ba da Asabar guda yana bin adireshi. Ɗaya ya kai shi shagon gyaran gashi, matar ta ce shekara shida tana wurin ba ta taɓa jin sunan ba. Wanda muka ɗauka kuwa ofishinsa ɗan ƙarami ne, ba ƙyale-ƙyale, amma ga motoci biyu a fake da suna a jiki, ga barguna da igiyoyi da tamfol a jibge. Su kuma masu shafukan nan, na koma na ƙare musu kallo da idon wadda aka taɓa cuta. Wallahi wani hoton har da dusar ƙanƙara a kan rufin gida, turawa na ɗauke da kujera. A Legas! Hoton Ingila ko Amurka ne aka kwaso, ni kuma a 2023 ban ko lura ba.

Maganar inshora ma sai da na koyo. Idan kin tambaya suka ce "muna da inshora", ki ce ta me? Wadda doka ta wajabta wa kowace mota, ɓarnar da motar ta yi wa wani a hanya take biya, ba ruwanta da firizarki da ke baya. Ta kayan da ke kan hanya daban take, takardarta daban. Wanda yake da ita zai nuna miki. Wanda ba shi da ita kuma ya faɗi gaskiya, to sai ku rubuta wa zai biya in abu ya fashe. Wanda ya ce "Madam, ba abin da zai faru", shi nake gudu. Wancan ma haka ya ce.

Ga takardar nan, ku gani, shafi ɗaya ce. Sun zo ranar Talata, sun zaga, sun ƙirga, sun hau benen sun sauko. An rubuta jimlar kuɗi, an rubuta cewa 'yan dako huɗu da hawan bene da kafinta duk suna ciki. Kuɗin agbero, wato 'yan tashar nan masu tare mota in sun ga kaya, nasu ne. In LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, ta kama su kan laifin tuƙi ko fakin, nasu ne. Ga lambar motar da za ta zo. Kashi 30 na biya, sauran sai kwali na ƙarshe ya shiga ɗaki na ƙirga. Da na nemi a rubuta haka, mutumin bai ɓata rai ba, biro kawai ya ɗauka. Wanda ransa ya ɓaci don kin ce a rubuta, ya gaya miki halinsa tun kafin ki biya.

Na san wata za ta ce, ke Hajiya, duk wannan wahalar ta mece ce, ga 'yan uwanmu direbobi a Mile 12? Gaskiya ne, kuma da yawansu mutanen kirki ne, musamman ga mai komawa gida gaba ɗaya. Motar da ta kawo tumatir ko albasa ba ta son komawa Arewa wayam, ana samun sauƙi sosai. Amma "ɗan garinmu ne" ba rasit ba ce. Tafiyar Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ce, ta Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, kwana ake yi a hanya, kuma akan sauke kaya daga wata mota a mayar wata ba da sanin mai su ba. Idan za ki bi ta nan, a yi cinikin a tasha gaban shugabannin direbobi, a san motar, a san mai ita. Abin da ya fi mana sauƙi a nan shi ne akwai inda za a kai kuka, daga shugaban tasha har fadar Sarkin Hausawa. Wanda aka haɗu da shi a bakin titi kuwa, ko da wane yare ya gaishe ki, ɗaya suke da mai shafin Instagram.

Kwalayen nan duk na sa musu lamba, 1 zuwa 43, na rubuta abin da ke cikin kowanne a littafin makarantar babban, na ɗauki hoton firiza da talabijin suna aiki. Ƙanina zai zauna gaban motar kusa da direba tun daga ƙofar nan har Agege, na ce masa ko fitsari ne ya riƙe. Gwal ɗina da takardun makaranta da fasfo suna jakar hannuna.

Ga kafintan nan yana ƙwanƙwasa ƙofa, gado zai kwance. Yaya, shigo, a buɗe take! A'a, kar ka taɓa wannan mai bargon, bar shi nan jikin bango. Shi ba zai hau babbar mota ba, a cinyata zai je Agege.