Sharhi: Garin da ke kwance ƙullin masara a cikin kaza

Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Duk mai kiwon kaji a nan Damagaram ya san inda kuɗinsa ke tafiya: abinci. Masara da waken suya ba noman ƙasarmu ba ne sosai, mu gero da dawa muka sani, yawanci sai an ɗauko su daga Kano ko wasu kasuwannin kudu. To abin takaicin, wani ɓangare na abin da ka biya, kaza tana ci ne kawai ya fita a kashi.

Ga yadda abin yake. Kusan kashi biyu cikin uku na fosfor ɗin da ke cikin ƙwayar masara da waken suya a ɗaure yake cikin wani sinadari da ake kira fitat, hanjin kaza kuwa ba ya iya kwance shi sosai. Fosfor ɗin nan shi ne abokin kalsiyom wajen gina ƙashi. Idan ya gaza, sai ka ga ɗan tsako yana tafiya yana gurfanawa. Shi ya sa ake ƙara garin ƙashi, wani kuɗin ke nan.

Maganin ƙullin shi ne fitaz, wani gari da ake zubawa a abincin kaji, ɗaya daga cikin sinadaran narkar da abinci da masana ke kira anzim. A Holan aka fara sayar da shi a 1991, lokacin da fosfor na kashin dabbobi ya dami mutanen ƙasar da gurɓata ruwa. Daga wata irin fumfuna baƙa aka samo shi, mai suna Aspergillus niger. Kada wani ya yi murna, ba sunan ƙasarmu ba ne, kalmar Latin ce mai nufin baƙi.

Ni dai ina ganin amfaninsa, amma da sharaɗi. Abin da ake zubawa bai kai rabin kilo ba a tan guda. Ka duba wanda ke gauraya buhu ashirin da shebur a tsakar gida: wata kazar za ta cinye rabon goma, wata ko ƙanshinsa ba za ta ji ba. Sai an fara cakuɗa shi da 'yar dusa a roba, a ƙara a tiya, sannan a watsa cikin tarin. Kuma zafi yana rage masa ƙarfi. Idan ledar fitaz tana ajiye a shagon kwano cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, sai a duba kwanan watan da ke jiki kafin a miƙa sefa.

Fitaz ba ya ɗauke wa kowa gasa waken suya; ɗanyensa yana hana kaza narkar da furotin, wuta ce ke gyara shi.

Masu turkar ragon layya kuwa, ku riƙe kuɗinku. Ƙwayoyin da ke cikin tumbin rago da saniya da akuya suna yin nasu fitaz ɗin tun asali.