Rage kuɗin mota a takarda don gudun haraji, wa ke kwana ciki?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zancen mota za mu yi, musamman ku da ke shirin sayen Beljiyam ko 'yar hannu a Birnin Kebbi ko Jega ko Argungu ko Yauri. Kun san lokacin nan da anka gama tayi, an yi albarka an yi albarka har mai mota ya sallama, sai dillali ya jawo ka gefe ya rage murya ya ce, "Alhaji, a takarda kada mu rubuta kuɗin duka, mu ɗan rage, ai gwamnati ce kawai za ta rasa." To wanga zance shi za mu warware.

Bari mu fara da waje a gurguje, don can ne anka fi sanin wanga wayo da sunan harajin saye. A yawancin jihohin Amurka in ka sayi tsohuwar mota hannun mutum, ranar da ka je canza suna za a cire maka kaso na kuɗin da ka ce ka biya. A jihar Texas kashi 6.25 cikin ɗari ne. Motar dala 10,000 harajinta dala 625, in kun haɗa baki kun rubuta 4,000 ya koma 250. Sai dai tun 2006 sunka toshe ƙofar, suna da nasu kiyasin darajar kowace mota, in abin da ka rubuta bai kai kashi 80 na kiyasinsu ba, da kashi 80 ɗin za su yi maka lissafi, kuma fom ɗin da mai saye da mai sayarwa ke sa wa hannu an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ƙarya a ciki babban laifi ne. Wancan can kenan.

Mu nan gida babban kuɗin ba a ofishin lasisi yake ba, yana wurin kwastam, ranar da mota ta sauka daga jirgin ruwa a Legas. A tsarin da anka fara aiki da shi a 2022, an sa wa tsohuwar mota diyuti, wato harajin shigo da kaya, kashi 20, da wani kashi 15 da ake ce ma lebi, sannan ga VAT kashi 7.5 da sauran 'yan ƙananan caji a kai. Bari mu yi misali kawai. Mota darajarta miliyan 10, diyuti da lebi kaɗai miliyan 3 da dubu 500 ne. In ejan, wato mai fito da mota daga hannun kwastam, ya yi dabara anka ɗauke ta a miliyan 6, ya koma miliyan 2 da dubu 100. Tsakani akwai miliyan 1 da dubu 400, ba a ma taɓa VAT ba. Yanzu tambayar ita ce, wanga rara aljihun wa ta shiga? Mafi yawan lokaci ejan da dila ne ke raba ta tun a Legas, kai da ka saya a Kebbi kuɗin kasuwa ka biya cif, ko sisi ba a rage maka ba, amma bashin gwamnati ya biyo motar har garejinka.

Da can da rasit na bogi ake yi, a rubuta cewa an sayo ta da araha a gwanjo. Da kwastam sunka kawo kiyasi da lambar shasi a 2022, wanda har ejan-ejan na Legas sunka yi yajin aiki a kanshi, sai wasan ya canza salo, tunda yanzu kwamfuta ce ke fitar da kuɗi da an saka lamba. Sai aka koma rage shekara, motar 2015 a shigar da ita a matsayin 2012, ko a ce mai haɗari ce anka sayo ragargaje alhali lafiyarta lau, ko a ɗauko takardar wata mota mai kama da ita a liƙa mata.

To ga wani abu da za ku iya dubawa da idonku, ba sai da makaniki ba. Ku tsaya gaban motar ɓangaren direba, ku leƙa ƙasan gilashin gaba, akwai 'yar faranti da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ita ce lambar shasi, ita ce dai kuma a jikin ginshiƙin ƙofar direba. In motar ta Amurka ce, irin Camry da Corolla da Accord da sunka cika mana titi, ku ƙirga daga hagu zuwa na goma, shi ke faɗin shekara. A 2010 ce, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, haka dai. In kun ga F a jikin mota amma takardar kwastam ta ce 2012, wallahi ku ajiye makulli ku nemi bayani kafin ku taɓa waya ku yi tiransifa. Kuma ku haɗa lambar gilashi da ta ƙofa da ta takarda harafi bayan harafi, don wani lokaci harafi ɗaya tak ake canzawa, mai sauri ba zai gani ba.

Mu kuma mutanen Kebbi muna da namu ƙarin, tunda ga Kamba a bakin Nijar, ga yankin Bagudo a bakin Benin, 'yar Kwatano ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar ruwa. Saboda haka in anka ce maka mota ta biyo daji kwanan nan amma "an yi mata takardu", ka san irin takardun da ake nufi.

Ranar da abin ke fashewa ba a gari ba ne galibi, a hanya ne. Ka ɗauko iyali za ku Kaduna ko Abuja, an wuce Koko an nufi Yauri, sai a tsayar da kai a ce kawo takardun diyuti, a buga lamba a ga an biya ƙasa da ƙa'ida. Ko dai a rubuta maka DN, wato takardar neman ciko, ka je ka biya abin da anka rage, ko a riƙe motar gaba ɗaya in takardun na jabu ne. Ba su neman ejan, ba su san dila ba, wanda sunka samu da sitiyari a hannu shi sunka sani. Kana kiran dillali yana ce maka "Alhaji ina zuwa, ina wurin jana'iza", gobe wayar a kashe.

Sai kashi na biyu, wanda ni a ganina ya ma fi zama ganganci, wato rage kuɗi a takardar ciniki tsakaninka da mai mota. Wani don kada kason lauya ya yi yawa, wani dila ne da ba ya so littafinsa ya nuna cinikin gaskiya, wani kuma dillali ne ya ce wa mai mota miliyan 5 ta yi alhali kai miliyan 6 ka bayar, ya ci la'ada ya kuma ci sama, shi ya sa yake ta lallaɓa ka da zancen haraji don kada ku biyun ku haɗa lissafi. Ka yarda an rubuta 5, ka sa hannu, shaidu biyu sun sa. Bayan wata shida sai ga 'yan sanda, motar ta sata ce daga wata jiha, an ɗauke ta. Ka tafi kotu neman kuɗinka, alƙali ya ce ina takarda, ka miƙa da hannunka, ga sa hannunka a ƙasan miliyan 5. Ka ce ai 6 na biya ranka ya daɗe, to ka fara da faɗa wa kotu cewa kai ma ƙarya ka rubuta, kuma shaidunka su tashi su ƙaryata abin da sunka sa wa hannu. Gudun gara an tadda zago. Haka in akwai ciko da ba ka gama biya ba mai motar ya rasu, magada takarda za su bi, ba abin da kunka faɗa a bakin shago ba. Kuma don Allah a daina jawo dattijan unguwa su zama shaida a kan adadin da kowa a wurin ya san ba shi ba ne, malamai sun sha faɗin matsayin shaidar zur, ba sai na maimaita ba.

Na san wani zai ce a kwament, ai diyutin ne ya yi tsada, dala ta tashi, talaka ya zai yi. Gaskiya ne ya yi tsada, ni ma ban ce da sauƙi ba, tunda da canjin dala ake lissafa shi, duk sanda naira ta faɗi sai ya haura. Amma rarar nan ba kai ke cin ta ba, shi ne dai abin da nake so ya zauna.

Saboda haka kafin ka biya, ka karɓi takardun kwastam ka tafi da su ofishinsu na nan Birnin Kebbi da ƙafarka a duba maka ko an biya cikakke, kada ka aiki dillalin da ke sayar maka. In ya ce sauri ake akwai wani mai saye daga Sakkwato, ka ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Ka nemi ganin mai motar ido da ido, a faɗi farashi a gabanku duka, a rubuta shi da alƙaluma da kuma kalmomi, a saka lambar shasi da ta inji cikin yarjejeniya, da sharaɗin cewa in matsalar diyuti ta taso mai sayarwa ne zai biya. Kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda, adadin alat ya zo daidai da na yarjejeniya, la'adar dillali ka tura ta daban.