Amsoshin Tambayoyinku: "An ware" daban, "an saki" daban

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wasiƙun kusan duk kan Turancin kuɗi suka zo, musamman kuɗin da ake keɓewa don wani aiki, kuma malaminmu na Turanci yana nan zaune kusa da ni. Lokaci ba yawa, mu shiga kawai.

Ta farko daga wani ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, yana tambayar mene ne petty cash. Haba Alhaji, ai kai ma kana da shi a durowar shago, 'yan kuɗin nan ne na ƙananan hidimomi, ruwan sha, kati, sallamar ɗan dako. A ofis kuma za ka ji suna cewa imprest, a ba ka ka kashe, ka kawo rasit sannan a cike maka.

Wata ɗaliba daga Zariya tana son bambancin grant da loan. Ƙanwata, loan bashi ne, sai an biya. Grant tallafi ne ba a biyansa, amma fa yana zuwa da sharaɗi, in an ba ki don bincike ba za ki sayi waya da shi ba.

To yanzu ga wadda ta fi yawa, daga Gusau, daga Bauchi, daga Funtuwa, duk magana ɗaya. Suna cewa kullum sai su ji a labarai an ware biliyan kaza don hanya ko asibiti, shekara ta zagayo ko bulo ɗaya ba su gani ba, shin ƙarya ake musu? Malam bismillah.

Malam: To Hajiya, kalmar da yawanci ake fassarawa da "an ware" ita ce earmark. Kuma asalinta daga wajen makiyaya ne, ear kunne ke nan, mark kuma alama. Turawan da can suna tsaga kunnen tunkiya ko saniya don a san ta wane ce, kamar dai yadda namu makiyayan suke yi har gobe, ka je kasuwar dabbobi ta Maigatari ko Potiskum ka duba kunnuwa za ka gani, kowane gida da irin tsagarsa, wasu ma a cinya suke sa tasu alamar da wuta...

Malam a dawo kan kuɗin, kar mu ƙare a kara.

Malam: Ai nan na nufa. In an ce an yi earmarking ɗin kuɗi, alama kawai aka sa musu cewa na aiki kaza ne, ba su motsa daga inda suke ba, wani lokaci ma ba a tara su ba tukuna. Daga nan sai appropriation, wato majalisa ta amince da kasafin, shugaban ƙasa ko gwamna ya sa hannu ya zama doka. Shi ma izini ne na kashewa. Sai release, lokacin da ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar suka saki kuɗin zuwa ma'aikatar da za ta yi aikin. Na ƙarshe disbursement, kuɗi sun shiga asusun ɗan kwangila ko wanda aka yi domin shi.

Bari in maimaita don wanda yake tuƙi ko wadda take gaban murhu. Earmark an sa alama. Appropriation majalisa ta yarda. Release an saki. Disbursement an biya. Hawa huɗu ke nan, amma da Hausa sau da yawa duk "an ware" ake ce musu, shi ya sa ran mutum yake ɓaci. Kuɗi suna iya tsayawa a hawa na biyu har shekara ta ƙare in kuɗin shiga bai kai yadda aka yi hasashe ba, ko kuma aka fifita wani aikin.

Malam: Akwai ma wata da ta fi damuna, counterpart funding. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce a ba UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta ƙasa, aƙalla kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Daga ciki akwai kason da jiha ba za ta taɓa ba sai ta ajiye nata daidai da shi, naira da naira. In jiha ba ta kawo nata ba, kuɗin suna nan a Abuja da sunanta, ita kanta hukumar ta sha kokawa kan haka.

Wannan kam ni a ganina abin takaici ne ƙwarai. Ka shiga firamare ka tarar da yara zaune a ƙasa, rufin aji ya yaye, allo ya koɗe ba a ganin rubutu, alhali ga kuɗinsu can a ajiye ana jiran sa hannu. Ku ma masu sauraro da ɗan laifinku, in ɗan majalisarku ya zo gari ya ce ya ware muku kaza sai tafi kawai. Ku tambaye shi mana, ranka ya daɗe an saki? Nawa aka saki? Wa aka biya? Ba rashin kunya ba ne, hakkinku ne.

Wani malamin kwaleji daga Azare yana tambayar trust fund. Asusun amana ne, doka ta killace shi don abu ɗaya kuma akwai masu kula da shi. TETFund misali ne, wanda dokar 2011 ta kafa don manyan makarantu da harajin da kamfanoni ke biya, duk wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ga sunan a jikin gini. Manya kuma za su tuna PTF, hukumar asusun rarar kuɗin man fetur ta zamanin Abacha wadda Buhari ya shugabanta.

Malam: In ƙara, killacewar nan Turawan Ingila suna ce mata ring-fencing, wato an zagaye da shinge.

Madalla. Wani limami daga Maraɗi ya ce mene ne endowment? Allah gafarta Malam, kun riga mu saninsa, ɗan'uwan wakafi ne, uwar kuɗin ba a taɓa ta, ribar ake ci gaba da yi wa makaranta ko asibiti hidima da ita.

Slush fund kuma, ga matashin da ya turo daga Kaduna, kuɗin ɓoye ne da ba a bayyana lissafinsu, yawanci don toshiyar baki ko siyasa. Kar ka sake ka rubuta ta a takardar ƙungiyarku kana nufin kuɗin ko-ta-kwana, wannan contingency fund ake cewa.

Masu tambaya kan escrow da security vote ku yi haƙuri, injiniya yana ta nuna mini agogo, da su za mu fara mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam mun gode. A huta lafiya.