Kuɗi sun nufo ƙaramar hukuma, wa zai tsaya a kansu?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, maimakon a bi da su ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnoni. Ta kuma ce naɗa kantomomin riƙo a gurbin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa tsarin mulki. An yi ta murna, daga baya kuma aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. To a ce gobe kuɗin nan sun iso sakatariya ba a taɓa ko kwabo ba. A garinku, mutum nawa ne za su je su tambayi abin da aka yi da su?

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kashi 20.6 cikin 100 na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne. Aikin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kuwa shi ne wanda ke bakin ƙofar kowa: kasuwa, tashar mota, kwata, maƙabarta, kwashe shara, da sa hannu a makarantar firamare da ƙaramin asibiti. Ba a Abuja ake yanke shawarar kwalbatin da ke cinye hanyar kasuwarku duk damina ba.

Abin da ke damuna shi ne mutanenmu ba ragwaye ba ne wajen aikin jama'a. A yi rasuwa, kafin a gama wanka matasa sun haƙa kabari, ba wanda ya aike su. Iska ta yaye rufin masallaci, kafin Juma'a ta zagayo an haɗa kuɗin kwano. Gayya muka gada, da ita ake nome gonar marar lafiya, da ita ake yashe rijiya. 'Yan sintiri suna kwana a waje da tocila da gora don wasu su yi barci. Amma da zarar an ce abu na gwamnati ne, sai kowa ya naɗe hannu. Famfon burtsatse ya lalace saboda ƙarfe ɗaya, a shekara ana wuce shi. Azuzuwa su tsage, yara su koma gindin bishiya, mu kuwa muna majalisa bayan la'asar muna zagin shugabanni. Zagin nan ba ya isa kunnen kowa, don ba a kai shi inda ake rubuta shi ba.

Alhali wuraren kai shi suna nan. Kowace makarantar firamare ta gwamnati ana son ta kasance da kwamitin kula da makaranta, wanda malamai ke kira SBMC, inda ake ware kujeru ga iyaye, da mata, da malaman addini, da wakilin masu sarauta, da tsofaffin ɗalibai. Kowace mazaɓa kuma ana son ta kasance da kwamitin raya mazaɓa mai sa ido a kan ƙaramin asibiti. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani kaso yana zuwa asibitocin mazaɓu, kuma kwamitin nan yana da ta cewa a kan yadda ake kashe shi. A garuruwa da yawa sunayen 'yan kwamitin suna nan a takarda, amma an manta rabon da su zauna. Inda mutanen kirki suka ƙi zama, wasu ne ke cike gurbin.

Sai kansila. Shi ba baƙo ba ne, tare kuke sallah, kun san gidansu. Majalisarsu ce ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma. Yawanci ba a zuwa wurinsa sai da kukan kai: haihuwa, takardar magani, kuɗin makaranta. Wanda ya karɓi dubu biyu da safe ba zai iya tambayar kasafi da yamma ba. Ku je masa ku goma, da mai unguwa a gaba, da buƙata ɗaya a rubuce, ku ajiye kwafi. Abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi a intanet. Ɗan makarantar da ke riƙe da waya zai iya nemo shi ya karanta wa dattawa.

Na san abin da wasu za su ce. Zaɓen ƙananan hukumomi hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya shi, kuma sau da yawa jam'iyyar gwamna ce ke lashe kusan komai, har mutane sun daina fita. Gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Amma lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, talakawan da suka bi su Malam Aminu Kano suna tambayar hukumar En'e (hukumar gargajiya ta lokacin) ba da sauƙi suka yi ba. Wasu sun sha ɗauri, wasu bulala. Zaman kwamitin makaranta a yau bai kai kusa da wannan haɗari ba.

Wata magana kuma ga iyayenmu maza da ke shirya waɗannan tarurruka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mata ne ke ɗaukar yaro zuwa asibiti. Su suka san ranar da ba magani, su suka san ma'aikacin da ba ya zuwa sai rana ta take, su suka san dalilin da ya sa yarinya ta daina zuwa makarantar da ba ta da banɗaki. Idan aka sa taro bayan isha'i a ƙofar gidan dagaci, an riga an cire su ke nan. A sa shi da hantsi a harabar makaranta, a sanar a masallatai da Islamiyyu tun da kwana uku, a kuma sami mai rubuta abin da aka yanke da sunan wanda zai bi sawunsa kafin zama na gaba.