Gidan da Hukuma Ta Sa a Rijistar Tarihi: Wa Ke Kare Shi, Wa Ke Biyan Kuɗin Gyara?

Masu kallo, barkanmu da wannan lokaci.

A tsofaffin unguwannin ƙananan birane da yawa a duniya, za ku ga ɗan allo na tagulla manne a bango, kusa da ƙofar gida, an rubuta shekarar da aka yi ginin. Sau da yawa allon alama ce cewa hukuma ta sa gidan a rijistar gine-ginen tarihi. To, me shiga rijistar nan ke hanawa, kuma wane nauyi yake ɗora wa mai gidan? Abin ya danganta da ƙasar da gidan yake, kuma bambancin ba kaɗan ba ne.

A Ingila dokar ba ta wasa. Bayan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu sun ragargaza birane, dokar tsara gari ta 1947 ta wajabta wa gwamnati tattara sunayen gine-ginen da suka cancanci kariya. Yau sunayen sun haura 370,000, an kasa su aji uku, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari suna ajin ƙarshe ne: gidajen zama, shaguna, gadoji, har da rumfunan wayar tarho na bakin titi. Idan gidanka yana ciki, ba za ka cire tsohuwar matakala ko ka canza taga ba sai da izini a rubuce, ko da aikin a cikin ɗakin kwananka ne. Wanda ya yi gaban kansa, laifi ya aikata, ana iya cin sa tara, ana iya ɗaure shi.

A Amurka kuwa labarin daban ne, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. An kafa rijistar ƙasa a 1966, shekara uku bayan an fara rushe tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin New York, rusau ɗin da ya tayar wa jama'a hankali ƙwarai. A ƙa'ida, gini kan kai shekara 50 kafin a duba shi. Sai dai shiga wannan rijista bai hana mai gida ya kawo katafila ya baje gidansa gobe da safe ba, muddin da kuɗinsa yake aikin. Abin da rijistar ke yi shi ne tilasta bincike idan kuɗi ko izinin gwamnatin tarayya ya shiga cikin aikin, kamar fitar da babbar hanya, sannan ta buɗe ƙofar rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya gyara ginin da ake samun kuɗin shiga da shi. Ikon hana rushewa yana hannun majalisar gari. Birnin Charleston ne ya fara yin irin wannan doka a 1931, ya kafa kwamitin da ke duba duk wani canji da za a yi wa fuskar gidajen tsohuwar unguwa.

Ita ma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta da ɗan sanda. Iyakar abin da take iyawa shi ne ta yi gargaɗi, in abu ya ƙi ta cire wuri daga jerinta na wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta yi wa kwarin kogin Elbe da ke Dresden ta ƙasar Jamus a 2009 saboda wata sabuwar gada, da Liverpool a 2021.

Yanzu mu zo kan unguwa, domin a ƙaramin birni nan ne maganar take. Babban birni yana da fada, yana da katafaren wurin ibada da kowa ya sani. Ƙaramin gari kuwa, in ka ɗauki gidajensa ɗaya bayan ɗaya, da wuya ka sami wanda zai sa ka tsaya kallo. Kyansa yana cikin haɗuwarsu: tsayin rufi ya zo daidai, duwatsun bango daga dutse guda aka faso su, lungu ya lanƙwasa yadda ƙafafun mutane suka bi tun shekaru ɗaruruwa. Faransa ta fahimci haka da wuri. A 1943 ta sa ido kan duk abin da za a gina cikin tazarar mita 500 daga ginin tarihi, a 1962 kuma dokar minista André Malraux ta ba da damar kare unguwa sukutum. Garin Sarlat, wanda mutanensa ba su kai 10,000 ba a yau, yana cikin waɗanda aka fara gwada dokar a kansu. Ingila ta biyo baya a 1967, kuma garin da aka fara ayyanawa ɗan ƙaramin gari ne mai suna Stamford.

Lalacewar unguwa kaɗan-kaɗan take zuwa. Yau wannan ya cire tagar katako ya sa ta roba, gobe maƙwabcinsa ya fasa katanga ya yi wurin ajiye mota, jibi mai shago ya rufe rabin fuskar bene da allon talla. Babu wanda ya rushe komai, amma bayan shekara 20 wanda ya tashi a layin ba zai gane shi ba.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Ku dubi tsohon bangon tubali da kyau. Magina na dā da farar ƙasa da yashi suke haɗa tubalinsu. Wannan kwaɓi yana da laushi, ruwan da bango ya sha yana fita ta cikinsa ya bushe. Sai mai gida ya ga layukan sun zaizaye, ya kira magini, shi kuwa ya cike su da siminti, don shi ya saba da shi kuma ya fi sauƙin samu. Siminti ya toshe wa laima hanya, sai ta nemi fita ta jikin tubalin. Sanyi ya daskarar da ita, ko gishiri ya taru, fuskar tubalin ta fara ɓarewa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa, layin simintin yana nan tsaye. Shi ya sa jami'an kula da gine-ginen tarihi ke nacewa a kan farar ƙasa. Ba neman wahalar da mutane suke yi ba.

Amma wahalar tana nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Maginin da ya iya aikin farar ƙasa da kafintan da zai sassaƙa taga irin ta dā ba su da yawa, aikinsu da tsada. Mai gidan kuma sau da yawa dattijuwa ce da ke rayuwa da ɗan fansho, ko magada da suka watsu a wasu garuruwa. Wani ma da gangan yake barin gidan: indararo ya toshe, ruwa ya bi bango, katakon rufi ya ruɓe, har injiniya ya zo ya ce ginin haɗari ne, a rushe. A Ingila majalisar gari tana da ikon ba mai gida takardar umarnin gyara, har ta ƙwace gidan ta biya diyya in ya ƙi. Ƙaramar majalisar da asusunta bai taka kara ya karya ba, takan daɗe tana jan ƙafa kafin ta ɗauko wannan rigima.

A ganina, hukumar da ta sa gidan mutum a rijista ta ɗauki alhaki, ba shi kaɗai ta ɗora wa ba. Ta taimaka da kuɗin rufi, ta horar da magina, ta bar shi ya sa banɗaki da wayar lantarki da ɗumama ɗaki ba tare da ya yi wata shida yana zarya a ofis ba. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda masana na ƙasashen duniya suka tsara kan kula da gine-ginen tarihi, ita ma ta faɗi haka: a riƙa kula da gini a kai a kai, kuma amfani da shi yana taimaka wa wanzuwarsa. Gidan da ake kwana a ciki, ranar da rufinsa ya fara yoyo ake sani.

Idan kuna shirin sayen irin wannan gida, ko kun gaje shi, ku je ofishin tsara gari kafin ku kira magini. Ku tambaya ko rijistar ƙasa ce ko ta gari, ko kariyar ta tsaya a fuskar gida ko ta shiga har ciki, da kuma ko akwai tallafin gyara. Ku nemi takardun izinin duk aikin da mai gidan baya ya yi, domin a Ingila, in ya canza wani abu babu izini, hukuma na iya sa sabon mai gida ya mayar da shi yadda yake da kuɗin aljihunsa.